Adaftar da Ta Kwantar da Malam Wali

Fagge, Kano
6 ga Fabrairu, 1977

Zuwa ga taubashina Maje,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da karatu da sanyin Ingilan nan da ka ce yana shiga har ɓargo. Mu nan lafiya lau, Alhamdu lillahi. Maigidana Alhaji yana gaishe ka. Huseina ta shiga makaranta, ajina aka sa ta, kuma ta rantse ba za ta ce mini Malama ba, sai Umma, ko a gaban hedimasta. Baba, kawun naka, ya ɗan yi mura makon jiya, amma da sauƙi.

Bayan haka, rikodar da ka aiko ta iso lafiya. Da na kai wa Baba zaure, kallonta ya yi sama da ƙasa ya ce, “Ni Wali, da furfurata, in zauna ina yi wa akwati magana? Ai sai Fagge ta ce na taɓu.” Ban yi musu ba. Washegari da hantsi yana ba manyan ɗalibansa karatu, na sa aka ajiye ta bayan buzunsa. Da suka watse na kunna masa. Ya saurara, ya saurara, yana gyaɗa kai, can ya ce, “Wannan malamin ya san abin da yake faɗa. Ɗan wane gari ne?” Maje, dariya har na riƙe ciki. Tun daga ranar ba ya yarda rikodar ta kwana a ɗakin kowa sai nasa.

Illarta ɗaya, cin batir kamar gara. Ga shi batir ya yi wuya a gari, an ce jiragen kaya sun yi cincirindo a Legas sun rasa wurin sauke kaya. Tun da aka yi ƙarin albashin Udoji kuwa kowa ya sayi rediyo, kowa batir yake nema. Shi ne ranar Asabar na shiga Sabon Gari wurin Celestine, wanda ya ja mana wayar wuta a gida. Ya ce abin da nake bukata adafta ce, ɗan akwatin da ake jonawa a bango ya ba rikoda wuta ba sai da batir ba. Ya fito da iri biyu. Ɗaya baƙa ce, mummuna, ga tsada. Ɗayar fara sol, tana sheƙi, da ’yar jar fitila a goshi, kuma ga araha. Na ɗaga ta na ji nauyi, na ƙwanƙwasa ta kamar yadda ake zaɓen tukunya, ba ta yi ƙarar fanko ba. Celestine ya ce, “Malama, wannan sabon zuwa ne, ban san halinsa ba tukuna.” Na ce ai ni na sani, wadda ta zaɓi kwanukan auren ƙannenta uku ba ta rasa gane kaya mai kyau.

Ga kaset nan cikin ambulan, da sabuwar adaftar muka ɗauka, ni da Baba mu kaɗai a zaure. Gaisuwa ce da addu’a ya yi maka. Har yanzu yana gaya wa baƙi wai ka tafi Ingila koyon ƙidaya, don ya ce kwamfutar nan taku ai ƙidaya ce aka sa wa riga.

Ka riƙa cin abinci, a hoton da ka aiko wuyanka kamar na zalɓe.

Taka,
Ummakulsum

*

Leeds, Ingila
21 ga Fabrairu, 1977

Yaya Umma,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Ki gai da Alhaji da Huseina. Ki yi haƙuri gaisuwar ta yi gajarta.

Kaset ya iso jiya. Na yi alwala, na zauna, na sa shi a rikodata ina murna, sai na ji abin da ban taɓa zato ba. Yaya Umma, wannan ba muryar Kawu ba ce da na sani. Kawun da in ya ɗaga murya a zaure ake jiyo shi a bakin titi, shi ne yake jan magana haka, kalma tana bin kalma da ƙyar, harshe ya yi nauyi, murya ta dushe ta koma can ƙasa? Kin tuna Malam Sule maƙwabcinmu lokacin da ɓarin jikinsa ya shanye? Wallahi haka yake magana. Ban iya kai kaset ɗin ƙarshe ba.

Sai na koma kan wasiƙarki na ga kin rubuta mura, kin rubuta da sauƙi. Na san da sauƙin gidanmu. Ina sakandare a Zariya Inna Asama’u ta kwanta, duk wasiƙar da ta zo mini cewa take da sauƙi. Na zo hutu da tsarabar ɗankwali a jaka, na tarar har an yi sadakar bakwai. Ban riƙe kowa a zuciya ba, na san don kada hankalina ya tashi aka yi. Amma ban ga mahaifiyata ba, kuma abin bai taɓa barina ba. Kawu ne ya ɗauke ni daga ranar, shi ne uwa shi ne uba. Ba zan yarda a sake yi mini haka a kansa ba.

Jarrabawar ƙarshe a watan Yuni take. Na san abin da barinta yake nufi, shekara uku na sha sanyin garin nan saboda ita. Duk da haka in Kawu yana kwance, gida zan taho. Don girman Allah ki gaya mini gaskiya, yaushe abin ya same shi, wane asibiti aka kai shi, yana iya tashi da kansa?

Ƙaninki,
Maje

*

Fagge, Kano
24 ga Fabrairu, 1977

Malam Maje na Ingila,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Mu nan sai godiya. Shiru ban ga amsarka ba, ko dai wata Baturiya ce ta riƙe maka alƙalami? Na sami mai zuwa gidan waya shi ne na ce bari in ɗan rubuta.

Gidan Baba cike yake da baƙi kwanan nan. ’Yan Ɗambatta sun zo, ’yan Gwarzo sun zo, har Gwaggo Ladi da ta shekara biyar ba ta tako Kano ba. Kowa so yake ya ji muryar Baba. Tuwo kuwa tukunya biyu ake ɗorawa, ni nake zuwa in taya su bayan na tashi daga makaranta, ƙafata har ta kumbura. Baba ya daina fita majalisar yamma gaba ɗaya. Ya ce so yake a ɗauke duk karatun da ke kansa a kaset tun yana da sauran numfashi, kafin ta Allah ta kasance. Dakta Zacchaeus ma ya zo har sau biyu a makon nan, sun daɗe a ɗaki su kaɗai.

Adaftata kuwa sai son barka, aiki take ba dare ba rana. Tana ɗan yin zafi, har kyanwar gidan ta mai da gefenta wurin barci, tana kuma yin wani ɗan kuka kamar ƙudan zuma ya shiga tulu. Na ce ai duk mai aiki dole ya yi gumi. Alhaji ya ce da na sayi baƙar, wai araha ba ta ado. Na ce masa ni ma da araha ya same ni, ga shi kuma ina yi masa adon.

An fara kwalta a layinmu, motoci sababbi sun cika gari, har mai sayar da goro na bakin masallaci ya sayi babur. In ka dawo ba za ka gane hanyar gida ba, sai na aiko a ɗauko ka kamar amarya.

Taka,
Ummakulsum

*

Fagge, Kano
9 ga Maris, 1977

Maje,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, kuma da na ce muna lafiya har da Baba nake nufi.

Wasiƙarka ta same ni yau a makaranta, na karanta ta a tsaye, na nemi kujera. Wane irin shanyewar jiki? Wane asibiti? Mutumin da jiya ya bi akuyar maƙwabta da sanda har waje don ta ci masa takarda? Ka ba ni haushi, ka kuma ba ni tausayi, ban san wanda ya fi yawa ba.

Kaset ɗin nan kafin in rufe ambulan sai da na saurare shi daga farko har ƙarshe, a gaban Baba, muryarsa tas kamar yana zaune kusa da kai. Shi da kansa ya ce ya yi. Ni da shi ne kawai a zauren, ni na danna, ni na ce masa ya fara. To ina jan maganar ya fito? Ko dai sanyi ne ya toshe maka kunne?

Na tuna abin da na rubuta maka a wasiƙar da ta saɓa da taka a hanya, na kuma san yadda za ka karanta ta. Baƙin nan rikoda suka zo gani, ba jinya ba. Labari ne ya bazu cewa Malam Wali yana da akwatin da ke maimaita karatunsa, Gwaggo Ladi har cewa ta yi a ɗauki tata muryar tana yi wa jikokinta faɗa, a riƙa kunna musu in ba ta nan. Majalisa kuwa ya bar ta ne don ya fi son zama da rikodar. Zancen sauran numfashi, ai tun muna yara yake yin sa. Dakta Zacchaeus abokinsa ne tun kafin a haife mu, ka fi kowa sani.

Amma zan gaya maka abin da ya fi damuna. Na ɗauki alƙalami zan rantse maka, sai na ga rantsuwar ba za ta yi maka amfani ba, domin ko da ciwon ne, haka ɗin zan rubuta. Haka muka tashi muka ga ana yi, ba a aika wa na nesa da tashin hankali. Ga shi yau ina da gaskiya a hannu, na rasa yadda zan miƙa maka ita.

Ban gaya wa Baba ba tukuna. In ya ji za ka bar jarrabawa saboda shi, to a ranar ne zai kwanta da gaske. Kada ka yi gaggawa, don Allah.

Yayarka,
Ummakulsum

*

Leeds, Ingila
23 ga Maris, 1977

Yaya Umma,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai dai rama. Ina gai da kowa.

Kin yi daidai, wasiƙarki ta baƙi da likita ita ta ƙarasa ni. Ranar da na karanta ta na je na yanki tikitin jirgi na ashirin da biyar ga Afrilu. Na gaya wa malamin da ke duba aikina, ya ce in ban zauna jarrabawa ba sai in maimaita shekara, kuma ba lalle masu ba ni tallafin karatu su yarda ba. Na ce na ji.

Sai ga wasiƙarki ta bayanta. Wuri ɗaya ya tsaya mini, inda kika ce ke da Kawu ne kawai a zaure. A farkon kaset ɗin akwai wani ƙato mai murya kamar ganga da ya ce, “Bismilla Baba, ta fara.” Ni duk zatona Alhaji ne. Ashe ke ce! Na sake sa kaset ɗin, wannan karon har ƙarshe, sai na ji zakaran gidan ya yi cara kamar saniya tana kuka. Yaya Umma, ko dai duk gidan ne ya shanye har da zakara, ko kuma adaftarki ce.

Ga abin da nake zato. Rikodar wuta lamba shida take ci. In adafta tana tura mata fiye da haka, injinta zai riƙa gudu, zaren kaset ya wuce da sauri. In kin saurara a kan rikodar da adaftar, ba za ki ji komai ba, don da gudun da ta ɗauka da shi take maimaitawa. Kamar a auna miki hatsi da mudu mai lamɓa ne, ki koma gida ki sake aunawa da shi, ai cif zai ba ki. Sai da kaset ya zo kan tawa mai tafiya daidai maganar ta ja. Ke kin ji daidai, ni ma na ji daidai.

Abin kunyar, wannan shi ne aikina. Rahoton da zan miƙa a watan Yuni a kan akwatin da ke ba kwamfuta wuta ne. Kullum ana gaya mana kada mu yarda da abin da aka rubuta a jikin akwati, sai mun auna shi yana cikin aiki, domin kwamfuta in wutarta ta yi rawa ba tsayawa take ba, lissafin ƙarya take ba ka da fuskar gaskiya. Kin rubuta mini zafi, kin rubuta mini kuka, alamu biyu da ɗan aji ɗaya zai gane. Ni likita kawai na gani a wasiƙar.

To ki ɗauki rikodar da adaftar ki kai wa Celestine. Ya sa mitarsa ya auna wutar lokacin da kaset yake juyawa, ba lokacin da rikodar take zaune ba. Ya bar ta ta yi aiki ta ɗauki zafi ya sake aunawa. Ya auna baƙar ma haka. Mai kyau allurar mita ba ta motsi a kanta, kuma za ki iya ɗora hannu ki bar shi. Nauyin da kika ce tana da shi ne ya ɗaure mini kai, don yawanci mai nauyi ita ce mai kirki. In ya yarda ya buɗe cikinta ki gani. Kafin nan ki cire ta daga bango, kada ta ƙone rikodar, ko ta kama da wuta kusa da littattafan Kawu.

Amma ban mai da tikitin ba. Laifin adafta bai nuna mini Kawu lafiya yake ba, ya dai nuna kaset ɗin ba shaida ba ne. Ina son wani, da sabon batir ko da adafta mai kyau, kuma ina son a gaya wa Kawu komai, ya yi mini magana yana sane da abin da nake tsoro. In ya iso kafin ranar jirgi, to. In bai iso ba, sai kun gan ni.

Ki gai da ƙaton nan mai murya kamar ganga.

Ƙaninki,
Maje

*

Fagge, Kano
7 ga Afrilu, 1977

Maje marar kunya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kana lafiya. Ƙaton yana amsawa, kuma yana jiran ka dawo ya nuna maka ƙarfin hannunsa.

Wasiƙarka ta zo da safe, da azahar ina Sabon Gari da rikoda a cikin mayafi kamar mai kai jariri asibiti. Na tarar da Celestine yana cin abinci, matarsa Nneka tana tsaron kanti. Na karanta masa abin da ka ce a yi, ya wanke hannu ya ɗauko mitarsa. Ya jona farar, ya sa kaset yana juyawa, ya ɗora wayoyi biyu. A jikinta an rubuta shida. Allura ta wuce shida ko waiwaye ba ta yi ba, ta wuce takwas, ta je kan tara tana rawa kamar mai jin sanyi. Da mai walda na kusa da su ya kashe injinsa sai ta ƙara yin sama. Celestine ya ce, “Malama, wannan ba ya riƙe wuta. Abin da bango ya ba shi, shi yake turawa.”

Ya jona baƙar, mummunar nan da na raina. Allura ta hau shida ta zauna kamar an kafa ta da ƙusa. Mai walda ya kunna, ya kashe, ko gezau. Muka bar ta tana aiki har Nneka ta kawo mini lemo na shanye, na ɗora hannu na ji ɗumi kaɗan kawai.

Na ce to nauyin fa? Ya ɗauko sukundireba ya kwance farar. Maje, da ka ga cikinta! Ɗan naɗin waya ne bai fi babban yatsana ba, ya yi baƙi don zafi, sauran wurin kuwa wani guntun ƙarfe ne aka manne da kwalta, ba ya haɗe da komai. Aikinsa kawai ya yi nauyi a hannun mace irina mai ƙwanƙwasa tukunya. Celestine ya riƙe kai, ya kira Allah da yarensu ya ce, “Chineke! Ni ma sun cuce ni, katan guda na saya.” Nneka ta ce ai ta gaya masa. Nan take ya sauke sauran daga kanta ya tura ƙarƙashin tebur, ya ce zai bi waɗanda ya sayar wa. Na ɗauki baƙar. Guntun ƙarfen kuma na roƙe shi ya ba ni, yanzu da shi nake danne takardun jarrabawar yara. Alhaji kuwa tun da ya ji labari murmushi kawai yake ta yi, wanda ya fi magana ciwo.

Daga Sabon Gari gidan Baba na wuce. Na ba shi labari tun daga farko, ina yi ina dariya, don na ɗauka zai yi dariyar akwatin da ya kwantar da shi bai sani ba. Bai yi ba. Ya sa na karanta masa wasiƙarka ta farko, da na zo wurin ɗankwalin sai ya ɗaga mini hannu. Can ya ce, “Ashe yaron nan yana ɗauke da Asama’u har yanzu. Ni na ce a rubuta masa da sauƙi. Ƙanwata ce, na ɗauka ina kare mata ɗa ne.” Ban taɓa ganin idon Baba ya kawo ruwa ba sai ranar.

Ya ce in jona sabuwar, in nuna masa inda ake dannawa, in fita. Na ce in tsaya ko zai bukaci wani abu, ya ce maganar maza ce. Ni da na sha rana har Sabon Gari aka kora! Ban san abin da ya faɗa ba, shi ya sa kaset ɗin a ambulan da hannunsa ya lashe bakin. Abin da na yi kawai, na ɗauki muryata a wani kaset na kai gidan Dakta Zacchaeus aka sa a tasu rikodar, na ji ni ce sak, ba ƙato ba.

Ban ba gidan waya ba. Wata malamar asibiti, Edith, ƙanwar matar Dakta, za ta tashi zuwa Landan jibi, ta yi alkawarin jefa maka shi a akwatin wasiƙa ranar da ta sauka. Ka saurara, sa’an nan ka yanke abin da za ka yanke.

Yayarka,
Ummakulsum

*

Leeds, Ingila
17 ga Afrilu, 1977

Yaya Umma,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina lafiya, Alhamdu lillahi, yau har na ci abinci sau uku. Ki gai da Alhaji, ki ce masa ya ci gaba da murmushin. Ki gai da Huseina, ki yi mini godiya wurin Celestine da Nneka da Malama Edith.

Kaset ya iso. Da na danna, sallamar Kawu ta cika ɗakin har maƙwabcina ya buga bango. Shi ne, da ƙarfinsa, da ɗan tarin nan da yake yi kafin ya fara magana mai muhimmanci. Na mai da tikitin. Na koma wurin malamina na ce ina nan, ya tambaye ni me ya canja, na ce an auna wuta a gida. Na kuma roƙe shi ya bar ni in sa labarin guntun ƙarfenki a rahotona, ya ce in sa, bai taɓa jin irinsa ba.

Kawu ya ce in na ga dama in gaya miki abin da ya faɗa, don shi yana jin nauyin faɗa miki da bakinsa. Ga shi yadda ya faɗe shi:

“Maje, ni ne Wali, da bakina. An ce kana son gaskiya, to ga ta. Jikina bai shanye ba. Gwiwata ta hagu tana ciwo, nafila a zaune nake yi. Idona na dama ya yi yana, ba na ganin rubutu da shi, shi ya sa nake sauri a ɗauke karatun nan. Zacchaeus ya duba, ya ce za a yi aiki bayan damina, ya ce ana warkewa. Ina jin tsoron aikin, ban gaya wa kowa ba sai kai. Iyakarta ke nan, ban rage komai ba. Ranar da abin ya fi haka, na yi maka alkawari za a buga maka waya a faɗa maka yadda yake, ko da kana tsakiyar jarrabawa ne, kai ka zaɓa. Yanzu zauna ka yi karatunka.”

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Amma wannan ne karo na farko tunda na bar gida da aka aiko mini da ciwo da sunansa, kuma ban taɓa samun natsuwa irin ta yau ba. Yanzu in kin rubuta mini lafiya lau, zan karanta in yarda.

Zan gama a ƙarshen Yuni, in Allah ya so ina gida kafin aikin, ni zan riƙe masa hannu. Kada ki nuna masa kin damu, kin san halinsa. Sai dai daga yau in za ki miƙa masa shayi, ki riƙa zuwa ta hagunsa, ta nan yake ganin ki.

Ƙaninki,
Maje